Neman Shawara kan Shimfiɗa Bututun Iska don Na'urar Tsotse Danshi a Gidan Ƙauye

Ɗan Fadama, daga Auyo, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana aikin sanyi da na gini a kan wani aiki da nake son in gama cikin rani, tun kafin wata daminar ta riske mu. Gidana yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa, kuma babu nisa tsakaninsa da gonakin shinkafa na aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Ginin bulo ne mai ɗakunan kwana uku da falo da kicin, da korido guda da ya ratsa tsakiya, faɗin gidan duka kimanin murabba'in mita 120. An rufa shi da kwano, an yi masa silin na POP, tagoginsa kuma na gilashi ne masu zamewa. Mu tara ne muke kwana a cikinsa.

Daga tsakiyar Yuli zuwa yanzu da Satumba ke ƙarewa, musamman a kwanakin marka, gidan ba ya rabuwa da warin danshi. Takalman fata da shaddodin da ke cikin durowa suna yin fumfuna, littattafai suna kumbura, katifa tana yin sanyi-sanyi ko da ba a zubar da komai a kanta ba. Ƙaramin ma'aunin danshi da na rataya a falo yakan tsaya tsakanin kashi 80 zuwa 85 cikin 100. Abin da ya fi damuna shi ne mahaifiyata, wadda take fama da asma, kuma ɗakinta da ke gefen gabas shi ne ya fi kowanne wari.

Ƙanina da ke zaune a Amurka ya ce zai saya mini irin na'urar da suke sa wa gidajensu, wadda ake haɗa wa bututu ta tsotse danshin gida gaba ɗaya, ta kuma riƙa jawo sabuwar iska daga waje. Bayanin da ya turo ya nuna tana cire ruwa kimanin lita 33 a yini, bakin bututunta inci 8 ne, kuma tana aiki da bolt 120. Bai riga ya biya kuɗin ba. Tambayata ita ce yadda za a shimfiɗa bututun: ko a cikin silin za a ajiye na'urar, wane girman bututu ya dace da ɗakunan, da wane abu za a yi shi tunda a nan maƙerin kwano da mai aikin famfo kawai muke da su, kuma ta wane gefen gida ya kamata a jawo iskar waje. Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Sanyi, daga Kano, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, kafin maganar bututu, ka ce wa ƙanenka ya dakata da biyan kuɗin. Wutar Amurka bolt 120 ce mai juyi 60 a sakan, tamu kuwa bolt 230 ce mai juyi 50. Taransifoma za ta iya sauke maka bolt ɗin, amma ba ta canza juyin, don haka kwamfaresa da fankar da aka ƙera don 60 za su riƙa gudu da ragin kusan kashi ɗaya cikin shida, aikinsu ya ragu, kuma kwamfaresar ta riƙa ɗaukar zafi. Idan ta ƙone, samun irinta a Kano aiki ne. Gara a nemi wadda aka rubuta wa bolt 220 zuwa 240 da juyi 50, irin waɗanda ake ƙera wa Turai da Asiya. Sai dai a lura da wani abu wajen saye: yawancin waɗannan suna rubuta adadin litar da suke cirewa a zafin digiri 30 da danshin kashi 80, alhali da zarar ɗaki ya sauka zuwa digiri 27 da kashi 60, abin da za su cire bai fi rabin wancan adadi da ɗan ɗoriya ba.

Yadda na'urar take aiki shi ne zai nuna maka inda za a ajiye ta. Fanka tana jawo iska ta bi da ita ta kan bututun tagulla mai sanyi, danshin da ke cikin iskar ya zama raɓa ya ɗiga cikin tire, sannan iskar ta wuce ta kan wani bututun mai zafi ta fito a bushe kuma da ɗumi. Wato dai dangin firiji ce, kuma ba ta son wuri mai tsananin zafi. Tsakanin kwano da silin a ƙasarmu yakan haura digiri 50 a watan Afrilu, ko a damina ma idan rana ta buɗe wurin ba ya shiguwa, ga ƙura, ga kashin jemage da na ɓera. Ban ba ka shawarar sa ta a can ba, ban kuma so bututun ya bi ta can ba in da hali. Tunda Allah ya sa kana da korido a tsakiya, kuma duk ƙofofin ɗakunan a cikinsa suke buɗewa, mai POP ya sauke silin koridon da kamar santimita 35, ya zama akwati, bututun su bi ta ciki. Ita na'urar a rataye ta a ƙarshen koridon ko a cikin sito, a kan ƙarfe mai robar hana jijjiga, a bar mata ƙofar da hannu biyu za su shiga a zaro filta ba tare da an fasa silin ba.

Na'ura mai wannan girma tana tura iska kimanin kubik mita 250 zuwa 340 a awa. Babban bututun da zai fito daga bakinta ya tsaya a inci 8 ɗin da aka yi ta da shi, kada a matse shi don a rage kuɗi, domin fankarta ƙarama ce, ba ta da ƙarfin tura iska ta ƙuntataccen wuri. Daga jikinsa sai a fitar da rassa: inci 6 zuwa falo, inci 4 ko 5 zuwa kowane ɗakin kwana, kowane reshe da ɗan murfin daidaita iska a kansa, saboda in babu shi ɗakin da ya fi kusa da na'urar zai kwashe kusan komai, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Maƙerin kwanonku zai iya naɗe farantin ƙarfe mai galbanaiz ya yi maka bututu zagayayye, shi ne ma ya fi kyau saboda cikinsa sumul yake. Bututun roba na PVC na masu famfo shi ma yana yi wa rassan. Wancan bututu mai lanƙwasa da ake sayarwa a kasuwa, mai waya a ciki, a yi amfani da shi a gajeren wuri kawai, kamar mita ɗaya a bakin na'urar don ya shanye ƙara, a ja shi ya miƙe sosai, a kuma ɗaure shi kada ya yi ciki. Na sha hawa silin na tarar an jibge shi ya yi tudu da kwari, mai gida yana ƙorafin inji ba shi da ƙarfi, alhali iskar a hanya take maƙalewa. Kowace kwana da za a yi ta zama mai faɗi. Kowace mahaɗa a ɗaure ta da sukurori, a shafe da gam, sannan a naɗe da salatif na alminiyam. Baƙin salatif na roba yana saki cikin bazara guda.

Iskar da ka tura cikin ɗaki dole ta sami hanyar komawa. Bakin jawo iska guda ɗaya babba a silin koridon ya isa, amma a rage ƙasan kowace ƙofar ɗaki da kamar santimita 2, in ba haka ba da an rufe ƙofa iskar ta daina shiga. Wasu suna huda bango su sa raga tsakanin ɗaki da korido, sai dai magana tana bi ta nan, kuma gidan iyali ba ya son haka. Kada a jawo iska daga kicin ko banɗaki, domin warinsu za ka raba wa sauran ɗakunan. Waɗannan biyun kowanne a sa masa ƙaramar fankar bango mai fitar da iska waje.

Sai bututun iskar waje, wanda a nan ne nake son ka nutsu. Ana haɗa shi da bututun da ke komawa cikin na'urar, kafin filta, don iskar ta tace ta kuma bushe kafin ta isa ɗaki. Inci 6 ya isa, da murfin daidaitawa a inda hannu zai kai. Ƙungiyar injiniyoyin sanyi da iska ta Amurka, ASHRAE, a ƙa'idarta mai lamba 62.2, ta ƙiyasta lita 3.5 a sakan ga kowane mutum, da ƙarin lita 0.15 a sakan ga kowane murabba'in mita na gida. Mutum 9 a murabba'in mita 120 ya kama kusan lita 50 a sakan, wato kubik mita 180 a awa. To, iskar Agusta mai digiri 26 da danshin kashi 85 tana ɗauke da ruwa kusan giram 21 a kowane kubik mita, ita kuwa iskar da kake so a ɗaki, mai digiri 27 da kashi 55, giram 14 take ɗauke da shi. Bambancin kusan giram 7 ne, kuma idan ka lissafa shi a kubik mita 180 na awa 24, za ka ga ka shigo da ruwa kusan lita 30 a yini, wanda shi ne kusan iyakar ƙarfin na'urar duka. Saboda haka a lokacin marka kada a buɗe murfin fiye da kashi ɗaya cikin uku. Gidajenmu ba a toshe suke kamar nasu ba, ƙofa tana buɗewa sau da yawa a yini, iska tana shiga da kanta.

Bakin bututun a waje ya kasance ƙarƙashin lemar kwano, yana kallon ƙasa, da raga a bakinsa. Kada a sa shi a gabas, tunda daga can hadari yake tasowa da feshi, kuma ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ya yi nesa da janareta da bututun sokawe da madafi da turken dabbobi da aƙalla mita 3, janareta ma fiye da haka, domin hayaƙinsa yana kashe mutane a cikin barci. Ruwan da na'urar ke tarawa kuma a fitar da shi da bututun inci uku bisa huɗu, mai gangare aƙalla santimita 1 a kowace mita, ya zuba a fili inda ido zai gan shi. Kada a cusa shi cikin sokawe, wari zai biyo shi. Ba ruwan sha ba ne, amma zai yi ban ruwan shuka. A riƙa duba bakinsa a farkon damina, saboda zanzaro yana son irin wannan rami a lokacin da bututun yake bushe, kuma da ya liƙe shi da laka ruwan a kan silin zai sauka.

Tsohon Magini, daga Ringim, ya amsa:

Assalamu alaikum. Bayanin Malam mai gyaran sanyi ya gamsar a fanninsa, ba ni da abin da zan ƙara a kan bututu. Amma ni tambayar da zan fara yi ita ce daga ina ruwan yake shigowa, domin duk lissafin da aka yi a sama an gina shi ne a kan cewa danshin daga iska yake. A yankinku ina shakkar haka. Duk wanda ya haƙa rijiya ko ramin salga a bakin fadamar Haɗeja ya san ruwa a kusa yake, kuma da damina yana ƙara tasowa. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, mun ga gidajen da ruwa bai shiga ɗakunansu ba amma bangonsu ya jiƙe daga ƙasa har gwiwa, ya daɗe bai bushe ba. Bulon siminti yana jan ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani yake jan kananzir, kuma muddin ƙasan a jiƙe yake ba zai daina ba. Idan haka gidanka yake, na'urar za ta busar da iska, bango da daɓe su sake cika ta, ka yi ta ƙona mai ba ka ga ƙarshen abin ba.

Ka duba waɗannan alamu a ƙasan bango, ciki da waje. Shin fenti yana kumbura yana ɓarewa daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya, sama da nan kuma lafiya lau? Shin akwai wani farin gari mai kama da gishiri da ke fitowa a jikin filasta, wanda in ka goge sai ya dawo? Shin tsakanin tayil yana yin baƙi? Sannan ka yi gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka yanko leda mai kauri, rabin mita kowane gefe, ka shimfiɗa ta a kan daɓe, ka manne gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. Ka yi haka a ɗakin Hajiya da falo da wani ɗakin na yamma, in akwai tayil ka tabbata ledar ta hau kan mahaɗar tayil ɗin. Idan ka ɗaga ka ga ƙasan ledar ya yi gumi ko daɓen ya yi duhu, ruwan daga ƙasa yake. Idan saman ledar ne ya jiƙe, ƙasanta a bushe, to na iska ne, sai ka bi shawarar Malam. Ka yi shi yanzu tun ƙasa ba ta bushe ba, domin a watan Janairu kowane gida zai ci wannan jarrabawa.

Ka kuma tambayi wanda ya yi maka ginin ko ya shimfiɗa leda kafin ya zuba kankaren daɓe, kuma ko an sa abin tare ruwa a kan harsashi kafin a ɗora bulo. A ƙauye da yawa ba a yi, mai gida bai san da shi ba, magini kuma ba ya son ya ƙara kuɗi a ƙi ba shi aikin. Zancen ɗakin gabas ma bai ba ni mamaki ba. Iyayenmu da suke gini da tubali sun san wannan bango shi ne ruwa yake duka, shi ya sa suke ƙara masa yaɓe da makuba kusan duk shekara, suke kuma sa indararo mai tsawo ya jefa ruwa nesa da gindin gini. Mu kuwa sai mu rufa kwano mai gajeriyar lema, babu gata, ruwan rufi duka ya zuba a gindin bango. Rufi mai murabba'in mita 120, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 6,000 ke nan ya sauka, kuma duk a kewayen harsashinka.

Maganin da na sani shi ne a sa gata a bakin kwano a kai ruwan nesa ko a tara shi a tanki, a zuba kankare mai faɗin mita ɗaya kewaye da gida yana gangarewa waje, a cike duk kwarin da ruwa ke kwanciya kusa da bango, a sake filastar gabas da siminti mai maganin hana ruwa. Kada a rufe jiƙaƙƙen bango da fentin mai ko tayil don a ɓoye tabo, ruwan zai hau ya fito ta sama da inda aka rufe. Durowa da gado kuma a janye su daga bangon waje da kamar tafin hannu. In ginin bai shekara ba ma, shi kansa simintin yana nan yana fitar da ruwan da aka kwaɓa shi da shi.

Mai Sola, daga Haɗeja, ya amsa:

Ina yi wa Baba magini da Malam mai gyaran sanyi barka da ƙoƙari. Ni abin da zan taɓo shi ne wutar da za ta juya na'urar, tunda a ƙauyukanmu ba a dogara da wutar layi. Na'ura mai cire lita 33 tana cin kimanin wat 600, kuma lokacin tashi kwamfaresa tana fizgar ninkin haka sau da dama, don haka ƙaramar inbata ba za ta ɗauke ta ba. Idan ta yi awa 12 a yini, ta ci kilowat-awa 7 da ɗoriya. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da kilowat-awa 2.4, kuma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a zuƙa, wato awa biyu ke nan na aikin na'urar. Ga shi kuma watan da aka fi buƙatarta, Agusta, shi ne watan da gajimare ya fi rage wa farantin sola ƙarfi. Wanda ya ce zai kwana da ita a kan batir, kuɗin batir ɗin zai fi na na'urar da bututunta. Abin da ya fi sauƙi shi ne ta yi aiki da rana kai tsaye daga faranti, daga hantsi zuwa la'asar, da tagogi a rufe. Katifu da tufafi da katako in sun bushe da rana, suna shanye wani ɓangare na danshin dare.

Akwai kuma zafi, wanda masu sayarwa ba sa faɗa. Duk wutar da ta ci a cikin gidan take komawa zafi, kuma kowace litar ruwa da ta tsotse daga iska tana sakin ƙarin zafi kusan kilowat-awa 0.7. Idan tana aiki da cikakken ƙarfinta, zafin da take zubawa a gida ya haura wat 1,000. A marka, da gari yake da sanyi-sanyi, ana iya jure wannan da fanka, amma a Yuni ko ƙarshen Satumba mutanen gida za su buɗe tagogi, kuma da an buɗe taga aikin ya rushe. Wannan shi ne abin da nake jin tsoro a gida mai mutum tara da yara masu shiga da fita. Shi ya sa zan ce a fara da ƙaramar na'ura mai taya, mai cin wat 200 zuwa 300, a ɗakin Hajiya kaɗai, a rufe ƙofa, a ga ko ma'auni zai sauka ƙasa da kashi 60, wanda shi ne inda fumfuna take rasa ƙarfi. In akwai AC a ɗakin, ita ma tana cire ruwa, kuma ba ta ƙara zafi.

A tuna kuma aikin tsotse danshi a nan na wata uku ne zuwa huɗu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu matsalarmu akasin haka ce, danshin iska yana faɗuwa ƙasa da kashi 20, leɓe yana tsagewa, yara suna haɓo, ƙura tana tayar wa masu asma ciwo. A wannan lokaci bututun iskar waje mai filta shi ne mai amfani, kwamfaresa kuwa a kashe take.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na sanar da ƙanina ya dakata. Na yi gwajin ledar kamar yadda Baba ya ce. A ɗakin Hajiya ƙasan ledar ya yi gumi sosai, a falo kaɗan, a ɗakin yamma kuwa a bushe na same ta. Farin garin nan ma yana nan a bangon gabas ta waje, har ƙasan taga. Wanda ya yi ginin ya tabbatar mini ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓe ba, gata kuma babu. Zan fara da gata da kankaren kewaye da zarar ƙasa ta tsane, kuma na mayar da Hajiya ɗakin yamma. Abin da ya rage mini shi ne in ji daga Malam mai gyaran sanyi ko in bar maganar bututun baki ɗaya, ko akwai ɓangaren da ya dace a yi tun yanzu. Janaretana yana gefen kudu, sokawe kuma yana arewa maso yamma.

Mai Gyaran Sanyi ya sake amsawa:

Malam, tunda gwajin ya nuna haka, aikin Baba shi ne a gaba, kuma ban ga dalilin sayen babbar na'ura ba sai an ga abin da ma'auni zai nuna a Agusta mai zuwa bayan an kawar da ruwan gindin bango. Ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma a ɗaki biyu, domin da shi za a san girman da za a saya in har buƙatar tana nan. Ɗakin gabas kuwa, in gumin bai daina ba, sai an ɗaga tayil an shimfiɗa abin tare ruwa an sake daɓe, kuma wannan Baba ya fi ni sanin yadda ake yi.

Ɓangaren da zan ce a yi cikin ranin nan shi ne akwatin koridon da bututun iskar waje, domin yana da amfani ko da na'urar ba ta zo ba. A shimfiɗa babban bututu mai inci 8 da rassansa yadda na bayyana, a wurin da na'urar za ta zauna kuma a sa akwatin filta da ƙaramar fankar cikin bututu, irin mai cin wat 30 zuwa 60, wadda sola za ta riƙe dare da rana. Filtar ta zama hawa biyu: soso mai wankuwa a gaba don ya tare ƙasa da ƙwari, sai mai ninki a bayansa, mai lamba 11 ko 13 a ma'aunin ƙarfin tacewar filta da ake kira MERV, don ƙura mai laushi. A hunturu soson zai buƙaci wanki duk mako. Idan fankar tana turo iska tatacciya kuma tagogi a rufe, iskar cikin gida ce za ta riƙa fita ta ƙasan ƙofa maimakon ƙura ta shigo, kuma wannan zai taimaki Hajiya, tare da maganin da likitanta ya rubuta mata. Ranar da aka kawo na'urar, sai a cire fankar a ɗaura ta a gurbinta. Ka sa a ja bututun fitar da ruwa da wayar soket tun yanzu kafin a rufe POP.

Game da gefen da za a jawo iskar, kudu ya fita saboda janareta, gabas ya fita saboda feshi. Yamma ta rage, a ɓangaren da ya fi nisa da sokawe, a auna a tabbata an sami mita 3 daga bututun warinsa, kuma kwanar ginin ta shiga tsakanin bakin da janareta. In filin bai ba da haka ba, janaretan za a matsar, ya fi sauƙi. Bangon yamma yana ɗaukar rana da la'asar, saboda haka a naɗe guntun bututun da ke waje da audugar gilashi mai rigar alminiyam, haka ma duk inda ya ratsa ɗaki mai AC, in ba haka ba iskar damina za ta yi gumi a cikinsa ta ɗigo ta ɓata silin. Idan maƙerinku ya naɗe bututun, ka sa ya haɗa mita biyu a ƙasa tukuna, ka kunna fankar ka bi mahaɗun da hayaƙin turaren tsinke, duk inda hayaƙin ya karkata a ƙara gam kafin a ɗaga shi sama.